Karen da Ka Ce Ba Ka Sani Ba

Abba, kai ne ka buɗe baki a tashar Kawo, ina tsaye a gefenka, ka ce ba ka san Ƙyalesu ba? Kai ɗin nan da na sani?

Ka ga ko sallama ban yi maka ba. To, assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Funtuwa lafiya, ka samu Kawu Isiya da iyalinsa ƙalau. Allah ya sa ka shiga garin a sa'a, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin abokin banza, ya sa albarka a koyon gyaran motar da ya kai ka. Ummanka tana gaishe ka. Ƙanwarka Hafsa ma tana gaishe ka, ta ce ka tafi mata da caja. Mu nan kowa lafiya, in ka cire ni, don ni tun ranar da ka tafi ban huce ba.

Rubutawa na yi ban kira ba, saboda na san halinka, na san nawa. In na kira zan ɗaga murya, kai kuma ka ce sabis ba kyau ka kashe. Takarda ba a kashe ta. Kuma kar ka tsaya duba inda na karkace harafi, ka san ban zauna a aji ba, a jikin jaridar da ake naɗe tsire da takardar cikin kwalin magani na koyi karatun nan. Abin da ke ciki za ka duba.

Bari in tuna maka, ko ka manta. Karen nan ya bi keken da ya ɗauko mu tun daga Hayin Banki har tasha, harshe a waje, ya zo ya kwanta kusa da jakarka. Ɗan kamasho ya tambaya na waye, a janye shi kar ya taɓa kayan mutane. Na ga idonka. Ka kalli dattijon nan mai carbi a kujerar gaba, ka kalli 'yan matan nan biyu na baya, sannan ka ce, "Oho, ban san shi ba, biyo mu ya yi." Ɗan kamasho ya duƙa ya ɗauki dutse, ni na riƙe masa hannu. Kai kuwa ka shige mota ka sa abin jin sauti a kunne. Karen da kai ka tsinto shi a kwalbati bayan shagona ido bai gama buɗewa ba, ka shayar da shi madara da murfin gora, duk Disamba kai ke sa masa igiya ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar shekara. Shi ne ka ce ba ka sani ba, saboda mutanen da ba za ka sake gani ba har abada.

Ga abin da ya faru a bayanka. Kwana kaɗan da tafiyarka wani baƙon kare ya ciji yaro a layin bayanmu. An kai yaron asibiti, ana yi masa allurai, da sauƙi. Amma hankalin unguwa ya tashi, kuma ban ga laifin kowa a nan ba. Majalisar ƙofar masallaci ta zauna. Alhaji Mamman mai shagon kayan masarufi ya kawo shawara, aka amsa: duk karen da ba wanda ya tsaya ya ce nasa ne, kuma babu shaidar an yi masa allurar bana, za a zuba masa shinkafar ɓera kafin sabuwar shekara. Juma'ar ƙarshe ta watan nan, bayan la'asar, za a sake zama a gama magana. Allurar Ƙyalesu ta bara a wannan watan take ƙarewa. Ka san haka, don kai ka kai shi.

Na miƙe na ce karen gidana ne. Alhaji Mamman ya gyara babbar riga ya ce, "Sani mai walda, in naka ne ɗaure shi mu gani." Na je gida na ɗauko igiyar da ka rataye a bayan ƙofa. Na yi fito, na kira sunansa. Ya fito daga lungu yana kaɗa wutsiya, yana ganin igiya a hannuna ya tsaya cak, ya juya, ya shige ƙarƙashin kwantenar Alhajin. Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce ai ga mai shi nan, karen ya nuna da kansa. Alhaji ya ce a'uzubillahi, shi bai taɓa ajiye kare ba, iyayensa ma ba su ajiye ba. Mutumin da duk yamma yaron shagonsa ke zuba ƙashi a bayan kwantenar nan don karen ya kwana a wurin. Tun da Ƙyalesu ya girma ba a sake fasa wa Alhaji kwadon shago ba, shi ma ya sani, kowa ya sani. Layin nan kaf suna barci da haushinsa, gari ya waye kowa ya ce najasa. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, sai ga shi na ji irin wannan magana a bakin ɗan gidana.

Ka san dalilin da ya sa ba ya yarda da igiya a hannuna, amma lokacin kana makaranta aka yi, ba ka ga abin da idonka ba. Kaska ce ta cika masa kunne da tsakanin yatsu, a irin wannan lokaci na ƙarshen shekara da ciyawa ta bushe. Wani mai tura baro ya ce mini ai fiya-fiya tana kashe komai. Na ce gaskiya ne, tana kashe sauro, tana kashe kyankyaso, kaska wace ce. Na ɗaure shi a ƙarfen ƙofar shago na feshe shi tun daga kai har wutsiya. Kafin in kunna inji ya faɗi yana karkarwa, yawu yana dalala, ƙafafu suna bugun ƙasa. Ummanka ce ta zo da bokiti da sabulu ta yi ta wanke shi tana zagina, ni kuma na nemo keke. Likitar dabbobin da ta karɓe shi sai da ta gama, sannan ta tambaye ni ko ni zan yarda a fesa mini wannan abin a fata. Ya rayu. Yana cin abinci a hannuna, yana raka ni shago. Amma igiya da hannuna in suka haɗu, ya tuna.

Saboda haka ka ji. Abin da aka yi don kashe ƙwaro a ɗaki ba a sa shi a jikin abu mai rai, ko kare, ko kyanwa, ko tantabara. Baƙin mai na inji da ake shafa wa kare don ƙazuwa, shi ma haka, kuma gareji za ka zauna, za ka ga masu yi da yawa. Akwai maganin kaska da na ƙuma da aka yi don dabba, ana auna shi da nauyinta, kuma na kare daban na kyanwa daban, na kare yana iya kashe kyanwa. Wanda ya karanci abin shi ake tambaya. Ni mai tura baro na tambaya.

Yanzu bari in gaya maka wanda ya fi wannan. Kana da tabo a ƙwaurin hagu. Kullum ce maka ake yi kare ne ya cije ka kana ƙarami, shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne.

Lokacin muna gidan Baba, kakanka, a Rigasa, kai ba ka shiga firamare ba, ni kuma ina ganin kaina wani babban mutum don na yi aure da wuri. Akwai wani jan kare a layin, irin na Ƙyalesu, kowa na jefa masa ƙanzo, ba mai shi. Da rana tsaka aka shigo da kai kana ihu, jini yana bin ƙafa. Ina zaure tare da Baba da abokansa. Ka san al'adarmu a kan ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a nuna an damu da shi. Har yau Abba nake ce maka, sunanka na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. To ranar nan na ji ihunka, amma na zauna. Wani abokin Baba ya tambaya yaron waye, na sunkuyar da kai na ce yaron gidan nan ne. Aka yaba mini. Wallahi aka yaba mini, aka ce Sani akwai kunya.

Samarin layi suka bi karen da sanduna suka kashe shi nan take. Inna, kakarka, Allah ya jiƙanta, ta aika a yanko gashinsa, ta ƙona, ta shafa tokar a kan ciwon ta ɗaure da tsumma. Haka ta ga iyayenta suna yi, kuma ba mugunta ba ce, ta fi kowa sonka. Ni da na riga na fara karance-karance, na taɓa ganin an rubuta cewa cizon kare sabulu da ruwa yake so da asibiti, na sani sarai, amma na yi shiru, don kar a ce ina rawar jiki a kan ɗan fari. Ummanka ma ɗan farinta ne kai, kunyar da ke kaina tana kanta ninki biyu, ga ta a gidan miji. Ta yi haƙuri har washegari. Da safe ta fito tsakar gida ta kwance tsumman, ta wanke ciwon da sabulu kana tsala ihu, ta goya ka. Inna ta tambaye ta ina za ta da yaron mutane. Ta ce, "Inna, ɗana ne. Asibiti za ni." An daɗe ana gulmarta a dangi, wai ba ta da ta ido.

A asibiti suka tambaya ina karen. Aka ce an kashe. Suka ce da an tsare shi an sa masa ido kwana goma da an san ko yana da ciwon, yanzu sai dai a ɗauka yana da shi. Aka yi maka allurai, zuwa bayan zuwa, ita ke kai ka. Ni sai daga baya na fara biyo ku a nesa kamar wanda hanya ta haɗa.

Karen nan ba kai kaɗai ya ciza ba. Akwai wani yaro a layi na gaba, ya ɗan girme ka, cizonsa ma bai kai naka ba, a hannu ne. Shi an shafa masa toka, ciwon ya warke lafiya lau, kowa ya manta. Bayan wata biyu ya fara zazzaɓi. Daga nan in aka miƙo masa ruwa sai ya firgita, maƙogwaro ya shaƙe, yana jin ƙishi yana gudun kofi. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Da aka kai shi asibiti suka ce in ciwon haukan kare ya riga ya bayyana babu abin da za a iya. Na je jana'izarsa. Mutanen da suka yi sahu ranar, rabinsu sun taɓa jefa wa jan karen nan ƙanzo, har da ni. Ba wanda ya taɓa tunanin a kai shi allura, don kai shi allura yana nufin a gan ka da igiyar kare a hannu da rana.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Ina son ka da ita, ka gaida manya, ka sunkuyar da kai inda ya kamata. Amma duk kunyar da za ta sa ka ce ba ka san abin da ke ƙarƙashin kulawarka ba, ka yar da ita a bola. Ni na yi a kanka, aka yaba mini, kuma da ba don uwarka ba da yabon nan ne zai kai ka kabari. Shi ya sa maganarka ta tasha ta tsaya mini a wuya.

In kare ya ciji wani a gabanka a can, ko kyanwa ta yaƙushe shi har jini, kar ka tsaya kallon manya. Ruwa mai gudu da sabulu, a yi ta wankewa, ba shafa-shafa ba, a daɗe ana yi, sannan asibiti a ranar. Ko ciwon ƙarami ne. Kar ka bari a kashe dabbar in ana iya tsare ta ba tare da ta ciji wani ba. In wata tsohuwa ta kawo toka, ka durƙusa ka gaishe ta da ladabi, ka ɗauki yaron ka wuce.

Na ji gidan Kawu Isiya akwai kyanwoyi, don haka ka ji wannan ma. Ka tuna farar magen Ummanka mai baƙin kunne? Ba tsufa ne ya kashe ta ba kamar yadda aka gaya muku. Sanyin ƙarshen shekara ne ya kama ta, tana atishawa, ido yana ruwa, ta ƙi cin abinci. Na ce ai mura ce, mu in mura ta kama mu me muke sha? Na ɓallo farasitamol na raba biyu, na daka, na ɗura mata a cokali, har ina jin daɗin kaina na yi aikin lada. Kafin magariba fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi duhu, tana numfashi da ƙyar. Da safe ta mutu a bayan randa. Daga baya na karanta cewa jikin kyanwa ba ya iya narkar da wannan magani, ko ɗan guntu guba ne a gare ta. Ummanka ta yi mako ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma da gaskiyarta. Maganin mutum na mutum ne. Kafson nan ja da rawaya da samari ke farkewa a ruwan tantabaru duk lokacin sanyi, ka hana su in za su ji. Mai kemis mutumin kirki ne, amma bai karanci cikin mage ba, in ka tambaye shi ba zai ce bai sani ba, zai ba ka wani abu ne.

Akwai kuma masu yawo a babur da jaka, suna shiga layi-layi suna cewa allurar kare, allurar kaji. Shekarar farko ta Ƙyalesu, kafin ka karɓi aikin daga hannuna, ɗaya daga cikinsu na kira, don ya yi mini a cikin gida ba wanda ya gani. Ka ga kunyar nan dai ba ta sake ni ba. Ya zaro kwalba daga aljihun gaban riga, da rana, kwalbar har ɗumi take yi, ya tsira masa ya tafi. Na tsinci kwalbar da ya yar ina karantawa da ƙyar, sai na ga an rubuta a ajiye ta cikin sanyi. Allurar da ta yini a aljihu ruwa ce kawai. Ban ce dukansu haka suke ba, akwai masu zuwa da kular ƙanƙara, suna da takardar aiki. Kai dai ka ga inda aka ciro kwalbar da idonka, ka duba ranar lalacewarta, a rubuta maka shaida. Wanda ya ji haushi don ka tambaya, ka sallame shi.

Kana iya cewa me ya sa Baba ya ɗaga hankali a kan Disamba, ba duk wata ɗaya ba ne? Ba ɗaya ba ne, ni na zauna a garin nan na gani. Yanzu ne mutane ke tafiya garuruwansu hutu su kulle gida su bar kare a waje, yunwa ta kore shi ya shiga unguwar da ba tasa ba. Yanzu ne yara ke fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, kare ya firgita ya tsinke ya yi nisa, ya haɗu da baƙin karnuka a yi faɗa, ya dawo da ciwo a wuya ba ka san bakin wa ya taɓa shi ba. Kuma yanzu ne ma'aikata ke tafiya hutu, in ka yi wasa ka je asibitin dabbobi ka tarar da kwado sai bayan sabuwar shekara. Shi ya sa ake yi tun kafin. Allurar haukan kare ta shekara, ga kare ga kyanwa. Maganin tsutsar ciki, don Hafsa tana wasa a ƙasar da yake kwanciya. A duba kunne da tsakanin yatsu. A shimfiɗa masa buhu a inda iska ba ta bugawa, a bar masa ruwa mai kyau. Ranar da ake fashe-fashe a rufe shi a gida. Duk wannan kai ka fi ni iyawa, kai kake yi shekara da shekaru ba wanda ya sa ka. Ina gaya maka ne don ka yi wa dabbobin da za ka tarar a can, kuma don ka san na lura.

In kuma maganar addini ce ta sa ka jin nauyi a gaban mai carbi, na je na tambayi liman da kaina, a gaban mutane. Ya ce ajiye kare don gadi ya halatta, abin da ake kiyayewa shi ne yawunsa a ƙwarya da tufafin salla, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin cinta da lafiyarta yana wuyansa. Na ce to Malam, wanda yake amfana da gadin amma ya ƙi ɗaukar haƙƙin fa? Ya yi murmushi ya ce Sani ka cika neman magana. Bai ce na yi ƙarya ba.

Na gwada duk abin da zan iya kafin in rubuto maka, kar ka ɗauka lalaci ne. Na sa Hafsa ta gwada, ya yarda ta sa masa igiya, amma yana jan ta kamar tsumma, ba zan sake ta da shi a titin Kawo ba. Ummanka ta ce ita za ta kai shi, na ce ta yi nata tun a Rigasa, ba za a sake cewa matar gidana ce ke fita yin abin da maza suka ji kunya ba. Na je asibitin na roƙi a zo gida, suka ce za su iya, amma sai akwai wanda zai riƙe shi, kuma hutu ya matso. Na sa nama a cikin shago na rufe ƙofa, ya ci naman, yana ganin na kai hannu zan ɗauko igiya ya fasa ta ƙarƙashin langa-langa ya yanke kafaɗa. Yanzu ga ciwo a jikinsa, ga Alhaji yana nuna wa mutane yana cewa ku gani, alamar hauka ce.

Saboda haka ga abin da nake so. Funtuwa ba Makka ba ce. Ka gaya wa Kawu Isiya ni na ce, ya ba ka kwana biyu. Ka shigo motar Alhamis da safe. Ka sa masa igiya da hannunka, mu fita tare, ni da kai da shi, da rana, ta bakin masallaci, ta gaban shagon Alhaji Mamman, ba ta lungun bayan makaranta da kake bi da shi da sassafe ba. Eh, na san ta nan kake bi. A yi masa allurarsa, a duba kafaɗar, a ba shi na tsutsa. A hanya ka riƙa miƙo mini igiyar kaɗan-kaɗan kana kusa, ko Allah zai sa ya saba, don shekara mai zuwa ba ka nan, kuma ba zan riƙa kiranka daga wani gari duk Disamba ba. Ran Juma'a bayan la'asar ka tsaya kusa da ni a majalisa. Ni zan yi maganar Alhaji da ƙashin bayan kwantena, wannan nawa ne, na daɗe ina tanadinsa. Zan kuma ce duk karen da ke layin nan a haɗa hannu a kai shi allura maimakon guba, don guba kaji da yara ma suna tsinta. Kai abu ɗaya kawai za ka faɗa, kuma ka san shi.

Allah ya tsare mini kai, ya kare ka daga abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Allah ya sa hannunka ya iya sana'a, ya haɗa ka da maigida mai tausayi, ya kawo ka gida lafiya ya mayar da kai lafiya. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka sa rigar sanyin da Ummanka ta cusa maka a ƙasan jaka. Ka gaida Kawu da mutan gidan. Fushina ba ya hana addu'ata, ita kullum tana bayanka.

Amma in ka ga ba za ka zo ba, kar ka kira ni da daddare ka ba ni haƙuri a kunne, ba zan ɗauka ba. Ran Juma'a zan kira ka ina tsakiyar majalisa, in sa wayar a sifika in ajiye ta a kan tabarma, liman yana ji, Alhaji Mamman yana ji. Zan tambaye ka ko a zuba wa Ƙyalesu shinkafar ɓera ko kar a zuba, sai ka ba su amsa da bakinka.

Ni ne babanka,
Sani mai walda, Hayin Banki.